Fim ɗin Aïcha Macky kan rashin haihuwa: yadda muka gan shi a gidanmu

Duk wanda ya saba zuwa wurin masu tura fim a waya, ko a Kasuwar Dole ko a bakin tasha, ya san abin da zai tarar: finafinan Kano masu dogon zango, na Indiya da aka mayar Hausa, sai na daka. Ka tambayi aikin Aïcha Macky, wadda a nan Damagaram aka haife ta, yaron shago ya ce maka sai dai ka leƙa gaba. Mu ma ba can muka samu ba. Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar André Salifou ce ta zo da shi a kwamfutarta, muka shimfiɗa tabarma bayan isha'i, ni da ita da Hajiyarmu da aminiyarta da muke kira Inna.

Sunansa L'Arbre sans fruit, wato itacen da ba ya ƴaƴa. A 2016 ya fito, tsawonsa minti 52, kuma a shekarar ya ci kyautar AMAA, wato gasar finafinan Afirka, a rukunin finafinan gaskiya. Babu ƴan wasa, babu waƙa da rawa, babu mugun da zai ga sakayya a ƙarshe. Mai fim ɗin kanta ce a ciki: tana da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mahaifiyarta kuwa wajen haihuwa ta rasu tun ita tana ƙarama. Sai ta mayar da fim ɗin zance tsakaninta da uwar da ba ta nan, tana yi mata tambayoyin da babu mai amsa su, tana kuma zama da wasu mata masu irin damuwarta suna faɗin abin da suka daɗe suna haɗiyewa.

Wannan dabara ta yin magana da mamaciya ita ta fi kama ni. Da likita ta sa a gaba yana zuba bayani, da fim ɗin ya zama irin shirin faɗakarwar da ake yi a rediyo, a saurara a wuce. Amma ƴar da ke kai ƙara wurin uwarta, kowace mace ta san wannan murya. Kuma ta yi shi a Nijar, ƙasar da wani bincike na 2012 ya nuna kowace mace tana haihuwar ƴaƴa 7.6 in an daidaita, adadin da babu na biyunsa a duniya a lokacin. A irin wannan wuri, amarya ba ta cika shekara sai dangin miji sun fara duban cikinta kafin su dubi fuskarta.

Abin da ya sa na ce sai na rubuta wannan sharhi shi ne abin da ya faru a kan tabarmar. Inna ba ta taɓa haihuwa ba. Tare suka tashi da Hajiya a Birni, tare suka yi allo, shekara ɗaya aka yi musu aure. Hajiya ta yi ta haihuwa, Inna ta yi ta shan rubutu da saiwoyi, aka yi mata kishiya, daga baya auren ya mutu. Da aka yaye yayarmu, Hajiya ta ba ta riƙo, a hannunta ta girma har ta aurar da ita. Duk wannan mun sani. Abin da ba mu sani ba, sai da fim ya yi nisa ta ce a tsayar, ta gyara zama ta faɗa. Wata rana ta zane yarinyar a kan wani laifi, Hajiya ta ji labari ta zo a fusace, ta ce mata: “Ai ba ki san zafin naƙuda ba.” Daga ranar har aka yi Sallah biyu ba su shiga gidan juna ba.

Hajiya ta sunkuyar da kai tana murza carbi, ta ce: “Ƙawata, na ɗauka maganar nan ta mutu tuntuni. Don Allah ki ƙara yafe mini.” Inna ta ce: “Ni na yafe tun ranar da kika aiko mini da yarinyar da ƙwaryar fura. Mantawa ce dai ban yi ba.” Sai ta ce wa ƙanwata ta ci gaba da fim, kamar ba ita ta yi maganar ba. Na girma ina ganin tsofaffin nan biyu suna cin goro ɗaya, ban taɓa zaton akwai irin wannan tabo a tsakaninsu ba.

Bayan an gama kuma gardama ta kaure, wannan karon tsakanin tsofaffi da ƴar jami'a. Ƙanwata ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma sau da yawa daga wurin namiji ne, don haka ita kam in ta yi aure abin ya jinkirta, tare za su je likita a auna kowa. Hajiya ta yi dariya ta ce wane namiji ne zai bi ta zuwa awo, alhali da kuɗin awon zai iya fara neman wata. Inna ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi tsohon mijinta ya auri mata bayanta, har ya koma ga Allah babu wadda ta haifa masa, amma a unguwa ita kaɗai aka riƙa kira juya. Ni dai a nan ina bayan ƙanwata, ko da yake na san faɗa da baki a kan tabarma ya fi aikatawa sauƙi.

Inda fim ɗin ya ba mu wahala shi ne harshe. Akwai Faransanci a ciki, tsofaffin nan kuwa ba su yi lakwal ba, sai muka riƙa tsayarwa ana yi musu tafinta, daɗin zancen yana yankewa. Matan da suka fi buƙatar jin wannan magana, na ƙauyukan Mirriya da Magariya da Matamaye, su ne za su fi rasa ta saboda haka. Da za a sami wanda zai ɗora masa muryar Hausa daga farko har ƙarshe, kamar yadda ake yi wa na Indiya, da ya shiga gidaje da yawa. Sannan tafiyarsa a hankali take. Wanda ya saba da fim mai rikici kowane minti biyar zai fara hamma, yaran gidanmu ma tun da wuri suka watse.

Aïcha Macky ta sake fitar da wani a 2021 mai suna Zinder, kan matasan unguwar Kara-Kara, kuma shi aka fi yin maganarsa a gari. A wurina dai wannan na farko ya fi shiga jiki.

Ga mai niyyar nema, shawara ɗaya gare ni: kada a kunna shi a taron biki ko na adashi ba tare da an duba waɗanda ke zaune ba. In akwai wadda ke cikin wannan jarrabawa, a gaya mata abin da fim ɗin ya ƙunsa tukuna, ta zaɓa da kanta ko za ta zauna, don ido zai koma kanta ko ba a yi nufi ba. Ya fi dacewa da mutum uku ko huɗu da suka yarda da juna. In kuma za a iya shawo kan maigida da uwar miji su zauna a gani tare, to su za a fara kira.