Harsashin dalma ko na jan ƙarfe: amsa ga Alhajin da zai je farautar gwanki

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Alhajinmu na Sabon Gari ya kawo tambaya jiya. Yana da bindiga .30-06 da takardunta cikakku, abokin cinikinsa na Garwa ya gayyace shi farauta a arewacin Kamaru, shi ne Alhajin ya gwada kwali biyu na harsashi a kan takardar saiti a nisan mita 100, kowanne mai nauyin gram 11.7. Na dalma mai taushin baki ya tara harbinsa cikin santimita 3, na jan ƙarfe zalla kuwa ya baje zuwa santimita 5. Wanne zai ɗauka don gwanki, kuma ko ɗayansu zai yi wa ɓauna?

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, in da ni ne, na jan ƙarfen zan zuba a jaka, duk da cewa shi ne ya zo na biyu a kan takarda.

Wurin da maharbi ke nema a jikin gwanki, wato huhu da zuciya a bayan ƙafar gaba, faɗinsa ya kai faifai. A mita 200, santimita 3 ɗinka za su koma wajen 6, biyar ɗin kuma su koma 10, duka suna cikin faifan. Ga shi kuma a kan tebur ka yi gwajinka, hankali kwance. Can a dawa kana tsaye ne, bindiga a kan sanduna, ka sha tafiya cikin rana, numfashi na sama-sama. Rawar hannunka kaɗai ta fi wannan bambancin na santimita 2 nesa ba kusa ba. Saiti ya samu a wajen su biyun. Abin da ya rage shi ne me kowanne ke yi bayan ya huda fata, domin takarda ba ta da ƙashi.

Na dalma tsohon hannu ne. Cikinsa dalma ce, an sa mata riga ta jan ƙarfe, an bar bakin a buɗe. Kamfanin Remington ya fito da irinsa mai suna Core-Lokt tun 1939, kuma har yau ana kayar da nama da shi. Da ya shiga jiki sai bakin ya baje da wuri, ya watsa ɓarɓashi cikin huhu. A kan gada ko wata dabba marar kauri, wannan saurin bajewar alheri ne, sau da yawa nan take take faɗuwa. Ga araha, ga sauƙin samu, yawancin bindigogi kuma suna saiti da shi lafiya lau. Rauninsa yana fitowa ne in ya haɗu da ƙashin kafaɗa daga kusa, yana cikin tsananin gudu. Rigar kan rabu da dalmar, ya zubar da sulusin nauyinsa ko fiye, ya tsaya bai kai ga huhu na biyu ba. Gwanki namiji yana kai kilo 250 zuwa 300, kuma dabba ce mai taurin rai. Da huhu ɗaya sai ya yi tafiya mai nisa, ku wuni kuna bin sawu, wataƙila ma ya mutu inda ba wanda zai same shi. Wannan asara ce, kuma azaba ce ga dabbar, alhali an umarce mu da kyautatawa har a wajen yanka.

Irin haka ta faru da wani Ba'amurke, John Nosler, a 1946, a dajin Kanada. Ya harbi wata ƙatuwar dabba da ake kira muz, wadda ta fi doki girma, jikinta duk busasshiyar laka, harsashinsa ya tarwatse bai shiga ciki sosai ba. Abin da ya sa ya ƙera harsashin Partition ke nan a 1948: dalma ce gaba da baya, da katangar jan ƙarfe a tsakani, gaban ya baje, bayan ya ci gaba da kutsawa. In ka same shi a kanti, shi ma ya isa gwanki.

Na jan ƙarfe zalla kuwa, kamfanin Barnes ne ya shigo da shi kasuwa a 1989. Bakinsa na da rami, da ya taɓa nama sai ya tsage gida huɗu ya lanƙwashe baya, amma ba ya zubar da jikinsa, kusan duk nauyin da ya fita da shi daga bindiga da shi yake ƙarasawa. Yana fasa ƙashi, ya ratsa huhu biyu, galibi ya fita ta ɗaya gefen. Kada ka raina wannan ramin na biyu, daga nan jini ke zuba, kuma shi masu bin sawu ke karantawa a cikin busasshiyar ciyawa.

Shi ma da nasa sharuɗɗan. Sai da gudu yake buɗewa. In gudunsa ya sauka ƙasa da mita 600 a daƙiƙa, buɗewar takan ragu ƙwarai. Daga bakin .30-06 yana fita da kusan mita 820 a daƙiƙa, don haka har mita 250 ba ka da damuwa, kuma ban ga dalilin harbin gwanki a nesa da haka ba. Sannan jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba: kowane santimita kubik nasa gram 8.96 ne, na dalma 11.34. Shi ya sa harsashin jan ƙarfe ya fi takwaransa tsawo, wasu bindigogin kuma ba sa juya dogon harsashi yadda zai daidaita. Ina zaton nan bajewarka ta samo asali. Nemi mai gram 10.7 ko 9.7, waɗanda a kwali za ka ga an rubuta 165 ko 150. Sun fi gajarta, sun fi gudu, kuma mai yiwuwa ka ga harbin ya taru.

Akwai maganar da ta fi damuna, ita ce ta tukunya. Ɓarɓashin dalma kan yi nisa daga ramin harbi, wani ido ba ya ganinsa, kuma naman nan yara ne za su ci. Mu a ƙasar Hausa ba sai an ba mu labarin dalma ba, a Zamfara a 2010 ƙurarta daga wajen niƙa duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. Na harsashi bai kai wannan yawan ba ko kusa, amma dafin ɗaya ne, kuma jikin yaro ba ya son ko kaɗan. Ungulu ma da ke cinye kayan cikin da aka bari a dawa takan kamu. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 2019. In da na dalma ka harba, a yanke naman da ke kewaye da ramin da faɗi a binne shi.

Ɓauna kuwa, Alhaji, a bar ta. Ko da na jan ƙarfen, .30-06 ba sa'arta ba ce. Ƙarfin harsashinka wajen jul 3,900 ne, jul kuwa ma'aunin ƙarfin bugu ne. Na babbar bindiga .375 H&H, wanda aka fitar a Landan a 1912, nauyinsa gram 19.4 ne, ƙarfinsa wajen jul 5,700. Akwai kuma 9.3x62 na Jamus, na 1905, shi ma na manyan dabbobi ne. Ɓauna mai rauni takan shige ciyawa ta jira, kuma mai bin sawu ne a gaba, ba kai ba. In har za a yi, ka ari babbar bindiga a wajen masu zangon farautar.

Harsashin gasa, duk tara harbinsa, ba don nama aka yi shi ba, kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar farauta da harsashinsa na gasa, MatchKing. Na soja kuma rufaffen baki ne, ba ya bajewa, riƙe shi ma na iya zama laifi.

Kafin tafiya ka sake gwaji. Harbi uku ba ya nuna gaskiyar harsashi, ka yi biyar-biyar, sau uku, kana barin bututun ya huce, ka kuma lura da inda harbin farko ke sauka, shi ne na dawa. Ka wanke bututu kafin ka sauya iri, ka gyara madubin saiti, domin su biyun ba wuri ɗaya suke sauka ba. A yi gwajin da sanin hukuma, a gaban tudu, tun da harsashin nan na iya wuce kilomita 3. A kan takarda kawai za a yi shi, barewarmu ta dutsen Termit a Nijar tana cikin gandun da aka keɓe tun 2012, dokar farauta kuma na nan daram. Kada ka bar kwalin a cikin mota da rana, zafi irin na Afrilu yana ƙara wa albarushi ƙarfi, wurin saukar harbi ya sauya. In ka isa Garwa, da takardar shigar da bindiga a hannunka, ka yi harbi biyu a takarda daga kan sanduna kafin ku shiga dawa.