RESTRICT ko CASCADE: wanne za ka haɗa da DROP?

A SQL, harshen da ake sarrafa rumbun bayanai da shi, umarnin DROP ba bayanai kaɗai yake sharewa ba. Yana cire sunan tebur da fasalinsa daga ƙamus ɗin rumbun bayanai, wato kundin da ke riƙe da lissafin abin da ke cikin rumbun da kuma wa ya dogara da wa. A nan ne RESTRICT da CASCADE suka raba gari.

RESTRICT mai taka-tsantsan ne, kuma a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL shi ke aiki ko ba ka rubuta shi ba. Ka ce DROP TABLE dalibai alhali akwai tagar duba bayanai da aka gina a kansa da CREATE VIEW, sai ya ƙi, ya jero maka duk abin da ya jingina da teburin.

CASCADE kuwa ba ya tambaya. Tagar za ta bi teburin, haka ma duk tagar da aka ɗora a kanta. Sai dai teburin da ke nuni gare shi da maɓallin waje (FOREIGN KEY, abin da ke haɗa layukan wani tebur da na wani) yana tsira: igiyar da ta haɗa su ake yankewa, layukansa suna nan daram.

Ni dai da RESTRICT nake farawa, saboda jerin nan da yake bayarwa. In CASCADE ya zama dole, a PostgreSQL ka fara da BEGIN, umarnin da ke buɗe aikin da za a iya janyewa, sannan ka yi DROP ɗin, ka ga ɓarnar, in ba ta yi maka ba ka janye da ROLLBACK. Manhajojin Oracle da MySQL ba su ba da wannan dama ba, DROP ɗinsu nan take yake tabbata. MySQL ma karɓar RESTRICT da CASCADE yake yi, ya yi biris da su.