Sauti na tsinkewa a iyafis ɗin Bluetooth: laifin iska ne ko na waya?

Ɗan'uwa, ka ce idan kana sauraron karatu ko waƙa da iyafis ɗin Bluetooth sautin sai ya riƙa tsinkewa yana dawowa, kuma kana so ka san ko sabon iyafis za ka saya ko wayar ce ta gaza. Shawarata kada ka sayi komai tukuna. Yawanci a ɗayan wurare biyu tsinkewar take faruwa: ko a iska, tsakanin waya da kunnenka, ko a cikin wayar tun kafin sautin ya fito. Alamominsu sun bambanta, maganinsu ma haka.

Ta iska gajeriya ce, kamar an ɗan tsinke sautin an maido shi nan take, kuma tana bin motsinka. Ka juya kai, ka sa wayar a aljihun baya, ko ka shiga cunkoson jama'a, sai ta fara. Wani lokaci kunne ɗaya ne yake fara ɗaukewa. Ta cikin waya kuwa ba ruwanta da inda kake. Tana zuwa ne bayan allon waya ya mutu, ko da saƙo ya shigo, ko da ka buɗe wata manhaja mai nauyi, kuma shirun ya kan fi tsawo.

A ganina ta iska ce ta fi kama mutane, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Bluetooth yana aiki ne a zangon gigahaz 2.4, kuma ba shi kaɗai ba ne a wurin: Wi-Fi na nan, na'urar ɗumama abinci ta maikirowef na nan, ga iyafis da agogunan mutanen da ke kewaye da kai. Yana tsalle tsakanin tashoshi 79 don ya kauce musu, amma idan wurin ya cika wasu guntayen sautin sai sun ɓace a hanya. Sannan ruwa yana shanye irin wannan siginar, jikin mutum kuwa mafi yawansa ruwa ne. Nisan mita 10 da ake cewa Bluetooth na ƙananan na'urori yana kaiwa a fili ne, ba tare da jikinka ya tare hanya ba. Shi ya sa wayar da ke aljihun baya take iya tsinkewa alhali wadda ke kan tebur can gefe tana tafiya lafiya. Ka mayar da ita aljihun gaba. Idan Wi-Fi ɗinka yana da zangon gigahaz 5, ka koma can, domin a wayoyi da yawa Wi-Fi da Bluetooth eriya ɗaya suke rabawa.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba sa dubawa, wato kodek, hanyar da waya take matse sauti kafin ta aika shi. Kodek ɗin SBC, wanda kowane iyafis yake da shi, ya kan kai kilobit 328 a daƙiƙa, wato yawan bayanan da yake turawa ke nan. aptX na Qualcomm yana kusa da shi, 352. LDAC na Sony, wanda ya shigo Android tun sigar 8 a 2017, yana da matakai uku: 330, 660 da 990. Tura 990 a wuri mai cunkoso kamar tura babbar mota ce cikin lungu, dole ta riƙa tsayawa. Don haka iyafis mai tsada yana iya fin mai araha tsinkewa, ba don ya lalace ba, sai don an ɗora masa nauyin da hanyar ba za ta ɗauka ba. Idan iyafis ɗinka yana da manhajarsa, ka nemi zaɓin da ke fifita ƙarfin haɗi a kan ingancin sauti. Idan babu, a Android ka shiga saitin wayar ka taɓa "Build number" sau 7 don ɓoyayyen saitin "Developer options" ya buɗe, ka sauke LDAC zuwa 330 ko ka zaɓi SBC. Wasu wayoyin suna mayar da wannan saitin yadda yake da zarar ka sake haɗawa, sai ka riƙa lura. A kan titi ko cikin mota da ƙyar kunnenka zai gane bambancin ingancin, amma tsinkewa kowa yana jin ta. Mai iPhone ba shi da wannan zaɓin, kodek ɗin AAC wayarsa take amfani da shi.

Ta cikin waya ta fi sauƙin magani. Tsarin tattalin batir ya kan takura wa manhajar da ke aiki a bayan fage, sai ka cire manhajar sauraron daga wannan takurar, ka rufe waɗanda ba ka buƙata. Idan kuma sautin ba tsinkewa yake ba, dushewa yake kamar muryar kiran waya, to wata manhaja ce ta kama makirufon iyafis ɗin, wayar ta sauya daga tsarin sauraro zuwa tsarin kira.

Rarrabe su ba wuya. Ka sauke abin da kake sauraro cikin wayar, ka kunna shi ta lasifikar wayar. Idan ya tsinke a nan ma, Bluetooth ba shi da laifi. Idan bai tsinke ba, ka haɗa iyafis, ka kashe Wi-Fi da data, ka riƙe wayar a gabanka. Ya daidaita? To iska ce, ko kuma tun farko intanet ɗinka ne yake jan ƙafa.

Iyafis ɗin kansa shi ne na ƙarshe da za ka zarga. Ka cika masa caji, ka raba shi da duk wata na'ura ta biyu da yake haɗe da ita, ka goge shi daga jerin Bluetooth ka sake haɗawa, sannan ka gwada shi a wayar wani a wurin da ba cunkoso. Idan a can ma ya tsinke, to ka sayi sabo. Amma kada lambar 5.0 ko 5.3 da ke jikin kwali ta ja ka: ƙarin nisan da Bluetooth 5 ya kawo na ɓangaren da ke cin wuta kaɗan ne, ba na tsohuwar hanyar da yawancin iyafis suke karɓar sauti ta cikinta ba. Ka nemi mai sayarwa ya bar ka ka haɗa shi da wayarka, ka sa ta a aljihu, ka yi 'yar tafiya kana sauraro kafin ka biya.