Yuro 1,890 na tura wa 'yan damfara da hannuna a kan rajistar ƙirƙirata, ku karanta kafin a wanke ku

Wallahi har yanzu da nake rubutun nan raina tafasa yake. Yuro 1,890. Ba wanda ya shiga asusuna, ba wanda ya sace min kati, ni da kaina na zauna na kwafe lambar bankinsu, na duba sau biyu kada in yi kuskure, sannan na danna tura. Sau biyu fa na duba jama'a, wai kada kuɗin ɓarawo ya ɓace a hanya.

Kuma kafin wani ya zo yana ce min ai kai ne ba ka da wayo, ku tsaya tukuna. Ni ba sabon shiga ba ne. Shekara huɗu ina fama da wani ɗan bawul na famfo mai rufe kansa, na shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙira a ofishin ƙasata, na san wata 12 ne kawai gare ni in fita waje da ita in ina so a riƙe min ranar farko, a wata na 11 na shigar ta tsarin PCT, wato tsarin shigar da takarda ɗaya don neman haƙƙin a ƙasashe da yawa, wanda WIPO, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ke kula da shi daga Jeniba. Na biya kuɗin shigarwa, wanda asalinsa faran 1,330 ne na Suwizalan, na biya kuɗin bincike, na biya na miƙawa, duk cikin wata ɗayan da suke bayarwa. Har zane ɗaya na cire don kada in wuce shafi 30, saboda kowane shafi bayan nan faran 15 ne. Mutumin da ya tsaya ƙirga faran 15 shi ne ya ɗauki Yuro 1,890 ya miƙa wa wanda bai taɓa gani ba. Ragin kashi 90 cikin 100 da ake yi wa ɗaiɗaikun mutane daga wasu ƙasashe ma ni na gaya wa wani abokina, ni ban samu ba don da sunan ɗan kamfaninmu na shigar.

To a wata na 18 daga ranar farko WIPO ta wallafa takardata, kamar yadda ƙa'ida take. Bayan kamar kwana goma sai ga wasiƙa. A'a, ina ga imel ne ya fara zuwa na share shi ban buɗe ba, daga baya ta takarda ta iso, ko ma dai yaya ne ta takardar ce ta kashe ni. Takarda mai kauri, shuɗin tambari mai hoton duniya, suna na gajerun baƙaƙe da in ka kalla da sauri sai ka rantse WIPO ce. Ga lambata ta PCT daidai. Ga lambar WO, wato lambar wallafar, daidai. Ga ranar da na shigar, ga sunan ƙirƙirar, har ɗan zanen bawul ɗina a gefe. Zanena fa. Nan ne hankalina ya kwanta, na ce ai ba wanda zai san wannan sai su. A ƙasa an rubuta kuɗin rajista da wallafa Yuro 1,890, a biya cikin kwana 14.

Kwana 14. Duk wanda ke cikin harkar nan ya san wa'adi shi ne dodo, ka makara kwana ɗaya aikin shekaru zai iya zubewa, to ni da na ga kwana 14 ban ma tsaya tunani ba. Na tuna na tsaya a bakin taga ina kallon zanen nan ina murmushi, wai abina ya shiga duniya. Murmushi na yi wallahi. Shi ne abin da ya fi ci min rai, kullum in na kwanta sai in ga kaina a bakin tagar nan.

Yadda na gane kuwa, wasiƙa ta biyu ce ta zo da wani suna daban da wani tambari daban, su kuma nasu kuɗin ya ma fi. Ko da yake a gaskiya tun kafin ta zo na gane, don na riga na kira lauyana a kan wata magana, ta neman ƙarin jarrabawar nan da wa'adinta ke kaiwa wata 22, sai a ƙarshe na ce masa, "Barista ranka ya daɗe, na biya kuɗin wallafar, in turo maka rasit?" Ya yi shiru. Ya ce, "Injiniya, wane kuɗin wallafa?" Ya ce WIPO ba ta karɓar wani kuɗi daban don wallafa. Ya ce duk abin da na gani a takardar, lamba da suna da adireshi da zane, yana nan a PATENTSCOPE, rumbun bayanan WIPO na intanet, kyauta tun ranar da aka wallafa, kowa zai iya kwafa. Ya ce in juya takardar in karanta ƙananan rubutun. Na juya. Can ƙasa, da rubutu kamar ƙafar tururuwa, wai wannan tayi ne na sa sunanka a kundinsu mai zaman kansa, kuma biya na nufin ka amince. Kundin da ba ya kare ka daga komai.

Asusun da na tura wa ma ba a Suwizalan yake ba, na gani a lokacin, na ce ƙila reshe ne. Reshe! Banki sun ce tunda ni na ba da umarni sai dai su gwada nema. Na tura wa mutanen imel sau shida, shiru.

Kuma kuɗin nan na wata na 30 ne na ke tarawa, lokacin da dole ka shiga ƙasashe ɗaya bayan ɗaya ka biya kowane ofishi nasa, ka biya fassara, ka biya wakili, don PCT ba ta ba ka haƙƙi na duk duniya, lokaci kawai take saya maka. Ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai kuwa wa'adinsa wata 31 ne. Yanzu dole in cire ƙasa ɗaya daga lissafina saboda Yuro 1,890.

In an wallafa taku kuka ga takardar neman kuɗi, kada ku biya, ku tura wa lauyanku, WIPO ma tana da shafin da take jera hotunan irin waɗannan takardun. Zan sa hoton tawa gaba da baya da rasit ɗin banki da zarar na rufe lambobina, ku ga zanen nan da idonku sannan ku gaya min ko ku da ba za ku biya ba.