Ba ni da talabijin, amma na biya kuɗin talabijin

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Jos. Shekarata uku ke nan a birnin Lesta na ƙasar Ingila, kuma duk wanda ya kira ni daga gida tambayarsa ba ta wuce sanyi da kuɗin haya. Yau ku bar ni in ba ku labarin abin da ya same ni a azumin 2025, wanda har yanzu in na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni.

Ɗaki ɗaya nake haya a saman bene. Gado, tebur, kujera, sai wata kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya na hannu. Akwatin talabijin ban taɓa saye ba, don duk abin da nake son gani yana cikin kwamfutar nan: labaran gida, wasan kwaikwayo, wa'azi. Wasiƙu sun yi ta zuwa ta ƙarƙashin ƙofa a kan maganar lasisin talabijin, ba sunana a jiki, an dai rubuta wa mazaunin gidan. Na karanta ta farko, na ce wannan ba da ni ake ba. Sauran ko buɗewa ban yi ba.

Ranar ina hutun aiki. Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne a nan, biyar ke nan a gida, don kafin su canza agogo a ƙarshen Maris kuna gabanmu da awa ɗaya. Na kunna wata tashar gida da ke kawo tafsiri, alaramma yana jan baƙi, ni kuma ina yanka albasa ta buɗa-baki. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijon Bature ne, katin aiki rataye a wuyansa, da 'yar na'ura a hannu. Ya gaishe ni, ya faɗi ofishin da ya aiko shi, ya tambaye ni ko ana kallon talabijin a ɗakin nan.

Na ce masa a'a, ba ni da talabijin. Da zuciya ɗaya na faɗa, da azumi a bakina.

Ya ɗan saurara, muryar malam tana fitowa daga bayana. Ya ce, in ba damuwa, wannan fa? Ni kuwa har da murna na ce ya shigo ya gani, tashar ƙasarmu ce, a kwamfuta nake kamo ta. Na juya masa fuskar kwamfutar da hannuna. Ya sa yatsa a kusurwa, inda tambarin tashar yake da jan rubutun da ke nuna kai tsaye ake watsawa, ya ce wannan shi ne kallon talabijin. Na ce tashar ba taku ba ce, malamin ba naku ba ne, kuɗin intanet kuma ina biya duk wata. Bai ɗaga murya ba. Ya ce dokar ba ruwanta da akwati, kuma ba ruwanta da ƙasar da tashar take. Muddin kana kallon shiri a daidai lokacin da tasha ke watsa shi, a kwamfuta ne, a waya ne, ko a majigi, sai da lasisi.

Ƙofa a buɗe take, maƙwabciyata tana hawowa da jakar cefane, ta ji komai. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba. Ni da ban taɓa cin kwabon wani ba, ga ni tsaye ana rubuta bayanina kamar wanda aka kama da kayan sata, bayan na ce a'a a kan abin da amsarsa i ce. Ya karanta min abin da ya rubuta, na sa hannu, na yanki lasisin a take ta waya. Ya ce tunda karon farko ne, in na ci gaba da biya ba fashi, da wuya maganar ta kai kotu. Ya yi min fatan shan ruwa lafiya, ya sauka. Har ya ɓace ina jiran in ji ya ce a ba shi na goro a kashe maganar. Bai ce ba, bai ma yi alamar ya san ana yin haka ba. Na daɗe a bakin gado ina tunanin me ya sa zuciyata ta tafi can.

A lokacin kuɗin fam 169.50 ne a shekara, wato sama da naira dubu 300 a canjin watan, kuma da Afrilu ta kama ya koma fam 174.50. Wanda kotu ta kama da laifin kallo ba lasisi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Makaho rabin kuɗin lasisin yake biya. Tsohon da ya kai shekara 75 kuma yake karɓar tallafin fansho na masu ƙaramin ƙarfi, kyauta ne. Har yau ma akwai lasisi mai araha na masu talabijin fari-da-baƙi. Da na ga wannan sai Baba ya faɗo min a rai, yadda yake ba mu labari da alfahari cewa a Jos aka fara watsa talabijin mai kala a duk Najeriya, a 1975, zamanin gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato.

Da haushi ya sauka sai na ce bari in ga abin da na saya. Yawancin kuɗin nan BBC ake ba, shi ya sa tashoshinta na cikin ƙasar ba sa saka talla ko ɗaya. Ka zauna kallon labarai ko shirin namun daji na awa guda, babu mai katse ka da tallan sabulu. Shirin da ya wuce ka kana wurin aiki yana nan ajiye a manhajarsu, ka dawo da tsakar dare ka buɗe. Ka iso an yi nisa, ka danna ya koma farko. Ita ma manhajar tun 2016 sai da lasisi, ko da tsohon shiri za ka kalla. Ina aiki ne a gidan kula da tsofaffi, kuma a can na ga abin da ya fi taɓa ni. Akwai wata tsohuwa da kunnenta ya tafi gaba ɗaya, amma ba ta fashin labaran ƙarfe shida, saboda duk abin da ake faɗa yana fitowa a rubuce a ƙasan hoton, kalma bayan kalma. Ta gama ta juyo tana yi min gardamar siyasa. Baba kuwa tun da jinsa ya yi rauni sai dai ya zuba wa akwatin ido, in an gama ya tambayi jikoki me aka ce, su kuma su amsa masa a taƙaice suna danna waya.

Intanet ɗin kansa ba sai na cika ku da labari ba. Waya ce aka jawo har cikin gida, kuɗin wata ɗaya ne, ba a ƙirga maka abin da ka sha. Hoto mai kyau yakan ci har gigabait 3 a awa guda, ku lissafa da kuɗin data na gida, musamman bayan ƙarin da aka yi a farkon 2025. A shekara uku ban taɓa ganin an ɗauke wuta ana tsakiyar shiri ba.

Amma kada ku ɗauka komai zuma ne. Maganar ƙwallo kaɗai ta isa. Ni da nake zaune a garin da Ahmed Musa ya zo ya buga wa Leicester City a 2016, wallahi yaron da ke Gangare ya fi ni ganin gasar Firimiya. A nan an hana nuna wasa kai tsaye ranar Asabar daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, wai don mutane su riƙa zuwa filayen wasa, ƙananan ƙungiyoyi su samu na shiga. Wasannin ƙarfe uku da kuke cika gidan kallo dominsu, mu sai dai mu ji a rediyo ko mu jira guntaye da dare. Sauran wasannin kuma an raba su tsakanin kamfanoni, kowanne da kuɗinsa na wata, lasisin da na biya bai shafe su ba. Ga shi hoton intanet yana zuwa a makare, wani lokaci da rabin minti ko fiye. Sau nawa ƙanena yana turo min "ta shiga!" a WhatsApp, ni a nan ko kwanar ba a bugo ba. Kuma ko ta shiga ɗin, da wa zan yi ihu? Bango ne a gabana, maƙwabta ba sa son hayaniya. Ranar wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024, da Kwaddebuwa ta ci mu biyu da ɗaya a Abijan, na rufe kwamfuta na zauna shiru. Na yi kewar bencin katako, ƙarar janareto, ƙamshin tsire daga waje, da wanda zai tashi ya tare maka hoto a yi masa ca. Baƙin cikin ma a gida da daɗinsa, don da jama'a ake yi.

Sai dai abin da ya fi ci min rai, wanda shi ya sa na zauna rubuta wannan, tashoshinmu ne na gida. Na biya fam ɗari da sittin da tara da rabi ne fa saboda su, ba saboda na Turawa ba. To me nake samu? Wata tashar ka shiga shafinta ka danna inda aka ce kallo kai tsaye, sai baƙin allo, wata uku a haka, ba wanda ya lura. Wata hoton yana tafiya, murya ta tsaya. Wata an rubuta shiri ƙarfe takwas, ka baro aiki a guje, ka tarar ana tallan maganin basir na minti ashirin. Na rubuta wa uku daga cikinsu saƙo, cikin ladabi, na ce ga abin da ya lalace. Ko ɗaya ba ta amsa ba. Laifin ba na intanet ɗina ba ne, don a daidai lokacin in na juya tashar Makka hoton Ka'aba tar yake zuwa, ko gezau. Hausawa nawa ne a Saudiyya, Sudan, Gana, Kamaru, Turai da Amurka da ke neman abin da zai haɗa 'ya'yansu da harshen gida? Na san iyaye a nan da za su biya kuɗi da murna in za a ba su shirin yara na Hausa mai tsabta, da ake sakawa a kan lokaci. Ba mai neman kuɗin nasu.

Kuma a ce Jos ce! Garin da kwalejin talabijin ta NTA take a Rayfield, garin da hukumar fina-finai ta ƙasa take, garin da aka zaɓa aka ƙaddamar da komawar talabijin tsarin dijital a Afrilun 2016 kafin a je Abuja a Disambar shekarar. Ingila ta kashe tsohon tsarinta gaba ɗaya tun 2012. Mu wa'adin Yunin 2015 ya wuce mu, aka sa wani ya sake wucewa. Na nemi tsofaffin wasannin kwaikwayon da muka taso muna kallo, in nuna wa ɗan abokina da aka haifa a nan, ban samu komai ba sai guntaye masu dusu-dusu da wani bawan Allah ya ɗauka daga kaset ya ɗora a YouTube.

Mu masu kallo ma ba mu fita ba. Da na ba ƙanena labarin mai ƙwanƙwasa ƙofa, dariya ya yi, ya ce Yaya ai kai ka so, akwai manhajar da ake kamo kowace tasha a duniya kyauta, bari in turo maka. Na ce kada ya turo. Wannan ɗabi'ar ce ta kashe kasuwar fina-finanmu tun zamanin faifai, yanzu ta koma waya: fim ya fito yau, gobe yana yawo a Telegram, masu tura fim a bakin kasuwa suna zuba wa mutane goma a naira ɗari biyu. Sannan mu dawo muna zagin masu shiryawa wai aikinsu ba inganci. Da me za su sayi kyamara? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na san halin da ake ciki, na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutum yana zaɓe ne tsakanin data da mudun masara, ba da talaka nake ba. Da mai wayar dubu ɗari biyar nake, wanda zai ɗauki biyan dubu biyu na kallon halal a matsayin wauta.

Abin da da yawa ba su sani ba, mu ma muna da irin wannan haraji. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. Masu shaguna sun san shi, don sukan ga masu rasit. Wanda ya taɓa ganin shiri ɗaya da aka ce da kuɗin nan aka yi shi, ya faɗa min.

Yaya, ke da ke kusa da Baba, saƙona gare ki ne. Akwai mai zuwa gida bayan sallah, zan ba shi wata kwamfuta da abin sawa a kunne mai ƙara murya. A sa masa ita a ɗakinsa, ba a falo ba, don yara za su mayar da ita tasu. Kuɗin data na wata-wata ni zan riƙa turowa, kada a taɓa na cefane. Ki sa autanmu ya nuna masa inda zai danna ya samu tafsiri da labaran Hausa, ya maimaita masa har sai ya iya da kansa. In kun kunna ranar farko ki kira ni, in buɗe tashar a nan, mu kalla tare.