Hoton CT da leƙen ciki da kyamara: abin da na gani a jinyar Baba a Kumasi

Bayan ƙaramar Sallah aka tabbatar mana cewa ciwon cikin da Baba ya daɗe yana sha wa jiƙo a gidanmu na Aboabo sankarar babban hanji ce. Tambayar da ta rage ita ce ko ta tsaya wuri ɗaya ko ta bazu. Hanya biyu muka bi, kuma ni na yi ta kai-komo da shi, shi ya sa nake rubuta wannan.

Hoton CT muka fara yi, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, a wani wurin ɗaukar hoto na kuɗi. Sai da aka gwada ƙodarsa tukuna, saboda ruwan da ake ɗura wa mutum ta jijiya don hoton ya fito. Ya ce ya ji ɗumi ya ratsa shi har ƙafa. Kafin in gama amsa wayar ƙanwata har ya fito yana gyara hularsa. Ba ciwo, ba kwanciya. Sakamako ya nuna hanta lafiya, huhu lafiya, sai ɗan ruwa kaɗan a ƙasan mara. A wannan fannin ba ni da abin cewa sai yabo, don hanta da huhu su ne inda wannan cuta ta fi zuwa, kuma hoton yana ganinsu sosai. Ranar har sadakar koko da ƙosai Hajiya ta yi.

Likitan tiyata ne bai saki jiki ba. Ɗan ruwan nan da kuma gwajin jini na CEA, mai nuna alamar sankara, da ya hau sun tsaya masa a rai. Ya zana mana ciki a bayan takarda, ya ce akwai tantani da ya lulluɓe hanji da bangon ciki, kuma idan cutar ta zuba a kansa takan fito ƙanana kamar an watsa gero. Wanda bai kai milimita 5 ba, CT yakan wuce shi. Ya nemi ya leƙa da kyamara, abin da suke kira laparoskofi, kafin a yi babbar yanka.

Gaskiya na ji haushi. Na ce a raina, mun biya kuɗin hoto, ga takarda ta ce babu, me kuma ake nema? Baba ne ya ce, "Ɗiyata, bar shi ya duba. Gani ya kori ji."

An yi masa allurar barci, aka huda ciki wuri uku, aka hura iska don a sami sarari. Washegari likitan ya nuna mini hotunan: fararen ƙwayoyi a kan kitsen da ke rufe hanji, wasu kuma can sama kusa da hanta. Ko ɗaya bai fito a CT ba. Suna da ma'auni na wani likitan Amurka, Paul Sugarbaker, mai raba ciki gida 13, kowane gida a ba shi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon girman cutar da ke cikinsa, jimla 39. Baba ya sami 8. Sun ɗebi ɗan nama, gwaji ya tabbatar, sai aka juya tsari: maganin sankara ta jijiya tukuna, zancen yanka daga baya.

Leƙen yana da nasa wahalar. Ya kwana a asibiti, kafaɗarsa ta dama ta yi kwana biyu tana ciwo saboda iskar, kuma allurar barci ga dattijo mai hawan jini abin fargaba ce. Ba kowane mara lafiya ne ke buƙatarsa ba, likitan da kansa ya faɗa. Amma da an buɗe Baba bisa takardar farko, da sai an tsaga cikin sannan a tarar da abin, ya yi makonni yana jinyar ɗinki kafin a fara magani.

Idan an miƙa muku sakamakon CT mai kyau, ku yi hamdala, sannan ku tambayi likita ko tantanin ciki ma an tabbatar da shi. Baba yana zagaye na huɗu na maganin yanzu. Saboda maganin, ruwan sanyi yana sa yatsunsa tsami, don haka da ruwan ɗumi nake cika masa butar alwala.