Anki: manhajar da ke sa ɗalibi ya yi wa kansa alƙalanci

Duk malamin Turanci a sakandare ya san wannan yaron: ya zuba wa jerin kalmomi ido har sun zame masa 'yan gida, ya ce "Malam, na iya," ka rufe littafin ka tambaye shi, sai ya hau sosa ƙeya. Ba ƙarya ya yi ba, shi kansa ya ɗauka ya iya. Saboda irinsa nake tura ɗalibaina ga Anki.

Manhaja ce ta katunan bita wadda Damien Elmes ya fitar a 2006, tana aiki a kwamfuta da waya. Tambaya a gaban kati, amsa a bayansa. Tana ware lokacin bita ne bisa abin da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885, cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, don haka kowane kati yakan dawo daf da lokacin da zai kuɓuce maka.

Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallai huɗu da ke fitowa bayan amsa ta bayyana: ban tuna ba, da ƙyar, na tuna, cikin sauƙi. Babu mai yi wa yaro maki. Shi zai tsaya ya tambayi kansa, shin da gaske na tuno kafin in juya katin, ko dai da na ga amsar ne na ce ai na sani? Wannan tsayawar ita ce abin da John Flavell, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya yi bayani a shekarun 1970: mutum ya riƙa sa ido a kan tunaninsa yayin da yake koyo. Wata ɗalibata ta yi ta danna "cikin sauƙi" don ta gama da wuri. Saboda haka manhajar ta daɗe ba ta dawo mata da katunan ba, da suka dawo ta tarar babu ko ɗaya a kanta. Ban ce mata uffan ba. Ita ta zo ta ce, "Malam, kaina na cuta," kuma tun daga ranar sai ta furta amsa da baki kafin ta juya kati.

Shawarata, ɗalibi ya haɗa katunansa da hannunsa, ya bar waɗanda wasu suka ɗora a intanet. Ya ɗauko jimlar da ta ba shi wuya daga abin da yake karantawa, ya cire kalmar, ya bar gurbi. Zaɓen abin da ya cancanci kati shi kansa koyo ne.

Tana da iyakarta. Fuskarta ba ado, sabon shiga yana buƙatar a zauna da shi a nuna masa. Tana zuwa da saitin sababbin katuna 20 a rana, wanda ya yi wa yawancin 'yan sakandare yawa, domin bita kan taru. Goma sun isa. Kuma ba ta koyar da hira ko rubutun insha'i, dole a haɗa da karatu da sauraro.

A ƙarshen mako nakan sa kowa ya buɗe jerin katunansa, ya duba katunan da ya fi faɗuwa, ya rubuta mini dalili a layi biyu da abin da zai canza mako mai zuwa.